Me ya sa muke tausayin bos a Daredevil bayan mun ga abin da ya yi da ƙofar mota?

Ɗan Kallo ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Gargaɗi tun farko: wanda bai kalli Daredevil na Netflix ba kuma yana da niyyar kallo, ya tsallake wannan zaren, don za a tona labarin kaf.

A kashi na 4 na zangon farko, Wilson Fisk, bos ɗin fim ɗin, ya danna kan mutum a bakin ƙofar mota, ya yi ta maka masa ƙofar har kan ya rabu da gangar jiki. Laifin mutumin bai wuce ya kutso masa yana cin abinci da mace ba. Amma kafin a kai kashi na 10, lokacin da aka sa wa Vanessa, macen da yake so, guba a wurin liyafa, sai ka samu mai kallo yana addu'ar kada ta mutu, ba don ita kaɗai ba, har don Fisk ɗin. Mutumin da ya kamata mu tsana ke nan.

Tambayata ga masu rubutun fim da masu nazarinsa: yaya aka ƙulla wannan? Ina so a kwance min shi kamar yadda bakanike ke kwance inji. Me aka fara nunawa, me aka ɓoye, a kashi na nawa aka fito da shi? Sannan me ya sa wasu finafinan jarumai masu baiwa suke gwada wannan dabara, su nuna wahalar da mugu ya sha yana yaro, a sa kiɗa mai taushi, a zubar da hawaye, amma ko a jikin mai kallo?

Mai Allo ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Kallo, sirrin farko yana cikin jerin da aka bi wajen ba ka labarin mutumin. Da an sauya jerin, da abin da ka ji a kashi na 10 bai samu ba, ko da kuwa ba a cire fitowa ko ɗaya ba.

Zangon farko kashi 13 ne, kowanne tsakanin minti 50 da awa guda. A kashi na 1 da na 2 ba ka ga fuskar Fisk ba sam. Muryarsa kawai aka jiyar da kai ta waya, ga kuma Wesley, na hannun damansa, yana hana kowa kama sunan maigidan. A kashi na 3, wani ɗan kisan haya mai suna Healy ya sha matsa a hannun Daredevil har ya furta sunan, yana furtawa kuma ya gwammace ya soka kansa a tsinin ƙarfe da ya tsaya jiran abin da zai biyo baya. Kusan awa 3 ke nan ana ɗura maka tsoron wanda ba ka taɓa gani ba. A ranka ka riga ka zana ƙaton mutum mai tsawa, 'yan daba dama da hagu.

Sai a mintunan ƙarshe na kashi na 3 aka nuna shi. Yana tsaye shi kaɗai a gidan sayar da zane-zane, ya ƙura wa wani zane ido, zanen da babu komai a cikinsa sai fari a kan fari. Vanessa ta matso ta tambaye shi abin da zanen ke sa shi ji, ya ce kaɗaici. Aka rufe kashin a nan. Abin da ka ji a lokacin ba tausayi ba ne tukuna, mamaki ne da son sani, saboda abin da ka zata daban, abin da ka gani daban. Kuma ta wannan kafar tausayi ke shigowa daga baya.

Kashi na 4 ya ci gaba da nuna maka rauninsa kafin ya nuna maka hannunsa. Bai iya neman mace ba. Vincent D'Onofrio, wanda ya fito a matsayin Fisk, yana fitar da magana a gutsure, kamar kowace kalma sai ya ɗago ta da ƙyar, yatsunsa suna motsi, idonsa ba ya tsayawa a fuskarta. A teburin cin abinci ma ya amsa cewa bai san kan giya ba, Wesley ne ya zaɓa masa. Sai da aka gama jera waɗannan sannan Anatoly, wato mutumin da ka ambata, ya faɗo musu, Vanessa ta tsorata, daren ya lalace, aka je ga ƙofar mota. Ka lura da abin da Fisk ya faɗa yana dukan: bai yi zancen kuɗi ko yankin kasuwanci ba, cewa ya yi an kunyata shi a gabanta.

A nan nake so ka tsaya. Raunin da muguntar jijiyarsu ɗaya. Kunyar da ta sa ka yi masa murmushi a wurin cin abinci ita ce ta kashe Anatoly. Finafinan da ka ce dabarar ba ta ci musu ba, yawanci a nan suke faɗuwa. Sai a ɗauko mugu mai son mallake duniya, a liƙa masa 'ya marar lafiya ko kare da yake shafawa, abin da ba shi da haɗi da dalilin ta'asarsa. Mai kallo ba wawa ba ne, yana ganin ɗinkin. Gwajin mai sauƙi ne: cire abin tausayin daga labarin. In muguntar ta tsaya daram ba ta girgiza ba, to faci ka yi, ba ka gina hali ba.

Sai maganar waiwaye. Yarintar Fisk ba ta zo ba sai kashi na 8, wato kashi 5 bayan ganin fuskarsa. Kafin nan an binne maka tambayoyi uku: me ya gani a farin zanen nan har ya saya ya rataya a ɗakin kwana, me ya sa ba ya rabuwa da wasu tsofaffin maɓallan hannun riga, kuma me ya sa fushinsa irin na yaro ne ba na babba ba. Kashi na 8 ya amsa su ɗaya bayan ɗaya. Ubansa, Bill Fisk, ya ciwo bashi a hannun masu ba da rance da ruwa ya yi takarar kansila, ya faɗi, ya huce a kan iyalinsa. Ya tilasta wa yaron ya yi ta shurin wani yaro da ke kwance a ƙasa. Ya zaunar da shi ya ce ya fuskanci bango ya yi tunani, shi kuma yana dukan uwar a bayansa. Bangon nan fari ne mai kaushi, sak zanen da ka gani a kashi na 3. Yaron ya ɗauki guduma ya kashe uban, uwar ta ce ya kawo zarto. Maɓallan na uban ne.

Da an sa wannan a kashi na 1, da labarin wani yaro ne da ba ka sani ba, ka ce Allah sarki ka wuce. Da an bar shi sai kashi na 13, da ya zama roƙon sassauci bayan an yanke hukunci, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Ƙa'idar da zan ba ka: kada ka waiwaya baya sai mai kallo ya riga ya fara tambayar abin da waiwayen zai amsa.

Akwai wata ƙaramar dabara a kashin nan da ta fi doguwar magana aiki. An buɗe da safiyar Fisk ba tare da kalma ɗaya ba: ya farka ya kalli zanen, ya soya wainar ƙwai, ya ci shi kaɗai a dogon tebur, ya zaɓi baƙar kwat daga cikin tarin baƙaƙe, ya ɗaura maɓallan uban, ya dubi madubi sai ya ga yaro jina-jina. Can gaba, bayan ya faɗa wa Vanessa gaskiyar abin da ya faru, aka maimaita safiyar. Yanzu su biyu ne, ita ta zaɓa masa kaya, ta zaɓi wasu maɓallan daban. In kana so a ga mutum ya canza, nuna shi yana abu ɗaya sau biyu ka sauya abu guda a na biyun. Ya fi a sa wani ya ce masa wallahi ka canza.

Gwaggon Marubuta ta amsa:

Malam Mai Allo, bayaninka ya yi, amma rabin aikin ka faɗa. Sa mutane su tausaya wa mugu ba shi ne mai wuya ba. Mai wuyar shi ne hana tausayin ya rikiɗe ya zama wanke laifi. Daredevil ya yi nasara ne saboda duk lokacin da ya ba Fisk bashin tausayi, ba ya daɗewa yake zuwa karɓa.

Mu fara da ƙofar motar da ɗanmu ya tambaya. Akwai dalilin da ya sa ba ta rufe zuciyar mai kallo ba, kuma ba kunyar Fisk kaɗai ba ce. Wane ne Anatoly? Shi da ɗan'uwansa Vladimir safarar mutane suke yi, mutanensu ne suka sace yaro a farkon zangon, su ne kuma suka kama Claire, ma'aikaciyar jinyar da ke taimakon Daredevil, suka lakaɗa mata duka a wannan kashin na 4. Kisan ya girgiza ka, amma ba ka yi rashi ba. Marubutan da gangan suka zaɓi wanda mutuwarsa za ta ba ka tsoro ba tare da ta sa ka kuka ba, don suna bukatar ka ci gaba da zama kusa da Fisk har kashi na 8.

To duba abin da suka yi da zarar sun gama da kashi na 8. A kashi na 9 aka kashe Elena Cardenas. Tsohuwa ce 'yar haya da ta ƙi tashi daga gidan da ake son rushewa. Ba a ranar aka ƙirƙiro ta ba, tun kashi na 5 take: ta zo ofis da ƙorafinta cikin harshen Sifaniyanci, Foggy da Karen, abokan aikin Daredevil a ofishin lauyoyi, suka je gyara mata gida, ta dafa musu abinci. Kashi 4 ke nan ana sa ka saba da ita. An sa wani ɗan ƙwaya ya caka mata wuƙa, ba don ta tsare wa Fisk wani abu babba ba, sai don a fusata mai baƙin ƙyalle, wato Daredevil, ya fito a yi masa tarko. Fisk kuma ya tsaya gaban 'yan jarida yana jimami. Kashi ɗaya tal tsakanin yaron da ke kallon bango da wannan.

Na Ben Urich ya fi ciwo. Tsohon ɗan jarida ne, yana nan tun kashi na 3, matarsa Doris tana kwance a asibiti yana fama da yadda za a tsawaita mata zama, editansa yana cewa irin labaransa ba sa sayar da jarida. A kashi na 12 ya dawo gida bayan an sallame shi daga aiki ya tarar da Fisk zaune a duhu. Fisk ya fara da ladabi, har da ban haƙuri, sannan ya tambaye shi ko shi kaɗai ya je wurin mahaifiyar Fisk ɗin a gidan kula da tsofaffi. Ben ya ce shi kaɗai ne, ya rufa wa Karen da suka je tare asiri. Fisk ya shaƙe shi da hannu. Kun ga abin da aka yi mana? Son uwar nan da ya sa muka tausaya masa a kashi na 8, shi ne ya kashe Ben a kashi na 12. An ɗauki tausayinmu an mare mu da shi.

Shi ya sa a kashi na 13, a cikin motar da ke kai shi kurkuku, da ya kawo misalin Basamariye mai kirki na Linjila ya ce a da yana ɗaukar kansa shi ne mai taimakon, yanzu ya gane shi ne sharrin da ya afka wa matafiyin, ba mu ji an yi mana sauri ba. Mun riga shi sani. Hotonsa na ƙarshe kuma yana zaune a ɗakin kurkuku yana kallon farin bango.

Awon da nake ba masu rubutu shi ne: duk fitowar tausayi da ka ba mugu, kada a wuce kashi 2 bai cutar da wanda mai kallo ya zauna da shi aƙalla fitowa 3 ba. Taron mutanen da ba su da suna ba sa shiga lissafi. Bene goma ya ruguje a nesa bai kai mutuwar tsohuwar da ta zuba maka abinci ba.

Ga misalin inda aka saki wannan. WandaVision na 2021, kashi 9. Wanda ta kama garin Westview sukutum ta juya tunanin mutanensa, ta raba iyaye da 'ya'yansu, don ta rayu cikin mafarkin mijinta bai mutu ba. Kashi na 8 gaba ɗaya an ba ta shi: mutuwar iyayenta a Sokovia, ta ɗan'uwanta Pietro, ta Vision, wato mijin nata. An yi shi da kyau, ba musu. Mutanen garin fa? 'Yan mintuna suka samu a kashi na ƙarshe, ciki har da matar da ke roƙon a bar 'yarta ta fito daga ɗaki. Sai wata jami'a mai suna Monica ta ce wa Wanda mutanen nan ba za su taɓa sanin abin da ta sadaukar dominsu ba, Wanda ta tashi sama ta tafi. Marubuci ne ya sa yafiya a bakin wadda ba ita ce ta fi cutuwa ba, ya ce mu ma mu amsa amin. Yafiya ta wanda aka zalunta ce, ba ta mai alƙalami ba.

In kuma tuba kake so ka rubuta, dubi tsawon lokacin da fim ɗin The Boys ya ɗauka da A-Train, mai baiwar gudu. Ya bi ta jikin Robin, budurwar Hughie, a guje ya kashe ta a mintunan farko na kashi na 1 a 2019. Ban haƙuri na gaskiya ga Hughie bai zo ba sai zango na 3 a 2022, bayan wani mai baiwa ya naƙasa yayansa Nathan ya ɗanɗani irin abin da ya ɗanɗana wa wasu. Taimakon da ya sa rayuwarsa a haɗari sai zango na 4 a 2024. A tsakani ya kashe budurwarsa Popclaw da hannunsa, ya sha juya baya in ya ga riba. Wannan ja da baya shi ya sa aka yarda da shi.

Ɗan Kallo ya sake tambaya:

Na gode Malam, na gode Gwaggo, Allah ya ƙara basira. Duk maganar a kan mugu ta tsaya. Jarumin fa? Sau da yawa a irin finafinan nan bos ya fi jarumin shiga rai, shi jarumin sai ya zama kamar allon sanarwa, kullum daidai yake. Yaya aka hana Matt Murdock, wato Daredevil, zama haka? Sannan dabarar ɓoye mugu har kashi 3, za ta yi aiki a fim mai dogon zango irin namu da ake saki mako-mako a YouTube?

Mai Tace Hoto ya amsa:

Bari in fara da ta biyun, ta fi gajarta. Netflix ta saki kashi 13 ɗin rana ɗaya, 10 ga Afrilu 2015. Mai kallo yana iya kai wa ga fuskar Fisk a zama guda bayan isha'i. A fim na mako-mako, kashi 3 mako 3 ne, kashi na 8 kuwa wata 2. Tambayar da ka binne a mako na 3 an manta da ita kafin ka zo amsawa. Ko dai ka matse tazarar, ka nuna fuskar a ƙarshen kashi na 1 ko na 2, ko ka riƙa dawo da alamar a kowane kashi na daƙiƙa 3 zuwa 5: hannu yana taɓa maɓalli, ido yana kai wa bango. Ba a bayani, tunatarwa ce kawai.

Jarumi kuwa, matsalarsa ita ce baiwar kanta. Mutumin da harsashi ba ya huda shi, ba ka jin tsoro dominsa, kuma wanda ba ka taɓa jin tsoro dominsa ba da wuya ka tausaya masa. An warware wannan a Matt ta hanya uku, ba kuma nauyinsu ɗaya ba.

Jiki shi ne mafi sauƙi. Kashi na 2 ya buɗe da shi a cikin kwandon shara, jini ko'ina, sai da Claire, ma'aikaciyar jinya, ta tsamo shi. Faɗan lungun bene da ke ƙarshen kashin, wanda aka nuna kusan minti 3 ba a yanke hoto ba, ba ƙwarewar duka ce ta sa ake tuna shi ba. Gajiya ce. Yana jingina da bango yana haki, wanda ya kayar yana sake tashi, naushinsa yana raguwa. Da an yanka shi gunduwa-gunduwa kamar yadda aka saba, kowane yanka hutu ne ga jarumi, gajiyar sai ta ɓace. Da ya gama, kafin ya buɗe ƙofar ɗakin da yaron yake, sai ya ɗage ƙyallen fuskarsa don kada ya firgita shi. Daƙiƙa 2 ne, amma sun faɗi halinsa fiye da shafi guda na magana.

Na biyu, an ba shi aibi na gaske, ba irin na ya cika tausayi ba. Yana jin daɗin dukan mutane. A wannan kashin na 2 ya azabtar da wani Barashe a saman bene, ya faɗa masa da bakinsa cewa yana jin daɗin abin, ya wurgo shi ƙasa. Ga shi lauya da rana, ga shi ɗan ɗariƙar Katolika da ke zuwa wurin Fada Lantom yana tambayar ko ya halatta ya kashe Fisk. Shi da Fisk duka suna cewa unguwar Hell's Kitchen suke son ceta, duka ubanninsu ne suka bar musu tabo. Abin da ya raba su layi ɗaya ne, kisa, kuma a kashi na 9 Matt ya fita da niyyar tsallake layin. Ƙarfi ne ya gaza masa, ba niyya ba.

Na uku shi ne mafi nauyi: ƙaryarsa tana da farashi, kuma wasu ne ke biya. Kashi na 10 kusan duk a ɗaki ɗaya aka yi shi. Foggy, abokinsa tun jami'a, ya gano cewa Matt, makahon da ya yi shekaru yana yi wa jagora, yana jin bugun zuciyarsa, yana sanin duk lokacin da ya yi masa ƙarya. Ana saƙa rigimar da waiwayen farkon abotarsu, kowane waiwaye mai daɗi yana ƙara wa rigimar zafi. Marubutan ba su ba Matt gaskiya ba, Foggy ya fita ya bar shi. Mai kallo ya fi tausayin jarumin da aka bari ya yi kuskure a hukunta shi.

Zango na 2 na 2016 ya nuna abin da ke faruwa in aka saki wannan. Kashi 4 na farko da Frank Castle, tsohon sojan da ke ɗaukar fansar iyalinsa, suna da ƙarfi, har zuwa maƙabarta inda Jon Bernthal, wanda ya fito a matsayin Castle, ya jingina da dutsen kabari yana ba da labarin daren da ya dawo daga yaƙi, 'yarsa ta roƙe shi ya karanta mata littafi ya ce ya gaji sai gobe, goben kuma aka kashe ta. Ba a nuna waiwaye ba ko kaɗan, fuska ce da murya. Amma rabin zangon na biyu ya koma yaƙi da rundunar 'yan ninja masu rufaffiyar fuska, ba suna, ba bukata, wasunsu ko bugun zuciya ba su da shi. Ka kayar da 50 ba wanda ya ji komai. Abin da ya rage da rai a wannan ɓangaren shi ne Matt ya bi tsohuwar budurwarsa Elektra ya makara zuwa kotu, Foggy ya buɗe shari'ar Castle shi kaɗai, ofishinsu ya watse.

Mai Allo ya ƙara:

Tun da an zo nan, zango na 3 na 2018 yana da gwaji biyu a jere da ya kamata Malam Ɗan Kallo ya kwatanta.

Dex, jami'in FBI ɗin da Fisk ya mayar makashi, an ba da tarihinsa a kashi na 5 cikin hoton baƙi da fari, Fisk yana tsaye a cikin fitowar yana kallo, don a zahiri fayil ɗinsa yake karantawa. Maraya ne, ya kashe kocinsa da jifan ƙwallo yana yaro, likitar ƙwaƙwalwarsa ta riƙe shi da kaset-kaset na hirarsu har ta rasu. Wayon shi ne, muna tausaya masa a daidai lokacin da muke kallon wani yana neman inda zai soka masa wuƙa. Waiwayen bai tsayar da labari ba, shi ne ma makamin mugu. Kashi ɗaya bayan haka Dex ya sa kayan Daredevil ya yi kisa a ofishin jarida. Awon Gwaggo ya cika.

Ray Nadeem, shi ma jami'in FBI, ba shi da baiwa ko tabon yarinta. Bashi ne ya yi masa katutu saboda ya biya kuɗin maganin kansar matar ɗan'uwansa, bashin ya tare masa ƙarin girma, ɗansa yana son a gina masa wurin ninƙaya a gida. Don haka da Fisk ya ce zai ba da bayanai, Nadeem ya rungumi tayin hannu bibbiyu. Daga baya ya gano Fisk ne ya sa aka yanke inshorar matar tun farko don a jefa shi cikin bashin. Kowane mataki da ya ɗauka zuwa ga halaka, mai kallo yana iya cewa ni ma da haka zan yi. A ganina ginin Nadeem ya fi na Dex ƙarko, don bai bukaci waiwaye ko ɗaya ba.

Inda nake ganin an yi tuntuɓe shi ne kashi na 10. An kai mu garin su Karen a jihar Vermont, aka cinye kusan rabin kashin kan yadda ƙanenta Kevin ya mutu a hatsarin motar da take tuƙawa. Labarin yana da kyau, Deborah Ann Woll da ta fito a matsayin Karen ta yi ƙoƙari, kuma tun zangon farko ake ishara da shi. Amma an ajiye shi ne a lokacin da aka riga aka tura Dex ya kashe ta, saura kashi 3 a gama. Mai kallo yana son ya san abin da zai faru a cocin da Karen ta ɓuya, an ce ya dakata a kai shi shekarun baya. Da an matso da shi kafin kashi na 8, inda ta zauna gaban Fisk ta faɗa masa ita ce ta harbe Wesley har sau 7, da zamanta a kujerar nan ya fi haka nauyi, faɗan coci kuma ya samu kashinsa cikakke.